Babul Hadid: Tarihin Tashar Jirgin Ƙasa ta Alƙahira da Tsarinta

Tasha guda ce, amma sunanta uku. A bakin hukuma da na matafiya Mahaɗɗat Misr ce, wato tashar Masar, domin Misirawa kan kira babban birninsu da sunan ƙasar baki ɗaya. Mutumin Asuwan in ya ce gobe zai tafi Masar, Alƙahira yake nufi. Direbobin tasi da baƙi sun fi saninta da tashar Ramsis, sunan babban dandalin da ke gabanta. Tsofaffi kuwa har yanzu sukan ce Babul Hadid, ƙofar ƙarfe, kuma wannan sunan ya girmi dogon kansa.

Duk wanda ya shiga tashar da idon lura zai ga wani abu da ke neman bayani. Jiragen da ke zuwa Iskandariya, tafiyar kilomita 208 ko kusa da haka, su ne ke tsayawa a tsakiyar babbar rumfa, daf da zauren shiga. Jiragen kudu kuwa, masu tafiyar kusan kilomita 880 zuwa Asuwan, a gefen ginin ake hawansu, sai mutum ya ratsa ko ya bi ta ƙarƙashin ƙasa kafin ya kai gare su. Wannan rabo yana da asali, kuma asalinsa shi ne tarihin tashar.

Mu fara da wurin. Yau tsakanin dandalin Ramsis da kogin Nilu akwai fiye da kilomita guda na gidaje da tituna, amma a da nan ne bakin ruwa. Akwai wani ƙauye a wurin mai suna Ummu Dunain, wanda rundunar Amru ɗan Asi ta ci a shekarar 640 lokacin buɗe Masar. Bayan Faɗimiyawa sun kafa Alƙahira a 969, wurin ya zama tashar jiragen ruwansu, ana ce masa al-Maƙs, a nan ake karɓar kuɗin fito, a nan kuma ake sassaƙa jirage. Da Salahuddin al-Ayyubi ya yi umarni da a kewaye birni da sabuwar ganuwa, sai aka ja ta har al-Maƙs, aka kafa hasumiya a bakin kogi. Daga baya kogin ya yi ta janyewa yamma yana barin tudu a bayansa, har aka sami ƙasar da unguwar Bulaƙ ta zauna a kai, ita ce kuma ta gaji aikin tashar ruwa. Ƙofar ganuwar da ke wannan kusurwa ita aka riƙa kira Babul Hadid. An rushe ta a ƙarni na 19, sunan ya zauna.

Ke nan sa'ad da injiniyoyi suka zo neman inda za su ajiye ƙarshen dogo, sun tarar da fili a kusurwar arewa maso yammacin tsohon birni, bayan ganuwa, kusa da hanyar Bulaƙ da ta Shubra. Ba sai an rushe unguwa ba, kuma wurin yana fuskantar inda dogon zai fito, wato arewa.

Me ya sa daga arewa? Domin buƙatar da ta haifi dogon Masar ta Ingila ce kafin ta zama ta Misirawa. A farkon ƙarni na 19 wasiƙa ko ma'aikaci da zai tafi Indiya daga Landan sai ya kewaye Afirka, tafiyar watanni. Gajeriyar hanya ita ce a sauka a Iskandariya, a bi magudanar Mahmudiyya da kogin Nilu zuwa Bulaƙ, a ratsa hamada da keken doki zuwa Suwais, sannan a sake shiga jirgin ruwa a Bahar Maliya. Tun a shekarun 1830 Muhammad Ali Pasha ya yi shawarar shimfiɗa dogo daga Alƙahira zuwa Suwais, har an sayo ƙarafa, amma aikin ya tsaya. Faransa ta fi son a haƙa mashigin ruwa, shi kuma Pasha yana tsoron duk abin da zai ba Turawa dalilin zama. Jikansa Abbas na ɗaya ne ya amince. A 1851 ya ƙulla yarjejeniya da Robert Stephenson, ɗan George Stephenson wanda ake yi wa kallon uban jirgin ƙasa a Ingila, kan a haɗa Iskandariya da Alƙahira. Talakawan karkara ne suka yi aikin ƙasa, da yawansu bisa tilas, kamar yadda aka saba a manyan ayyukan hukuma na wancan zamani. An buɗe kashi na farko, daga Iskandariya zuwa Kafr az-Zayyat, a 1854, shekarar da aka kashe Abbas. A 1856, zamanin Sa'id Pasha, dogo ya iso Babul Hadid, aka gina tashar farko. A 1858 aka kai shi Suwais.

Wannan shi ne dogo na farko a nahiyar Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma abin alfahari ne da ya isa. Sau da yawa akan ji Misirawa na cewa ƙasarsu ce ta biyu a duniya bayan Ingila. Wannan ƙari ne: Amurka da Faransa da Beljiyam da ƙasashen Jamus duk sun yi dogo tun shekarun 1830, Indiya ma ta riga Masar da shekara guda.

Akwai wani hatsari na farkon zamanin da ya juya sarautar ƙasar. Kafin a gama gada a Kafr az-Zayyat, taragu akan tura su kan wani jirgin fito a haye da su reshen Nilu. A watan Mayun 1858 wani tarago ya zarce ya faɗa ruwa, Yarima Ahmad Rif'at, mai jiran gado, ya nutse a ciki. Mutuwarsa ce ta buɗe wa ƙanensa Isma'il hanyar mulki, kuma Isma'il ɗin nan, wanda ya yi sarauta daga 1863 zuwa 1879, shi ne ya baza dogo a ƙasar fiye da duk wanda ya gabace shi.

Mashigin Suwais da aka buɗe a 1869 ya ɗauke cinikin Indiya daga hannun dogo, amma kafin nan dogon ya sami wani abin dogaro, wato auduga. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa masaƙun Ingila audugar da suka saba samu, farashi ya tashi, gonakin Delta, wato yankin da Nilu ya rarrabu kafin ya shiga teku, suka koma noman auduga. Rassan dogo suka bazu zuwa Zaƙaziƙ da Mansura da sauran garuruwan yankin, dukansu suna kai kaya Iskandariya, suna kawo mutane Alƙahira. Dukiya a arewa take, tashar ruwa a arewa take, baƙin da ake son burgewa ta arewa suke shigowa. Saboda haka aka gina tashar Alƙahira a matsayin maƙura: dogo ya shigo ta fuska guda ya tsaya cik, gini ya tare gabansa.

Irin wannan tsari yana da daɗi ga fasinja. Daga zaure kai tsaye zai taka zuwa jirginsa ba tare da ya tsallaka ƙarfe ko ya hau matakala ba, ginin kuma yana iya matsowa har bakin birni. Wahalarsa tana kan ma'aikata. Duk jirgin da ya shigo dole ya fita ta inda ya shigo, sai an kawo wani kan jirgi an ɗaura masa ta baya, ko an ja taragun an fitar da su. Layuka duka kuma suna haɗuwa a wuri guda mai ƙunci a bakin tasha, inda jirgi ɗaya in ya makara sai ya tsare goma. A ƙarshen kowane layi akwai tokare na ƙarfe da kankare, bayansa kuma mutane ne ke kai da kawowa.

Labarin kudu daban ne. Misirawa na kiran kudancin ƙasarsu as-Sa'id, ma'ana tudu, domin Nilu daga can yake gangarowa. Daga Alƙahira zuwa Asyut ƙasar noma ta fi faɗi a gaɓar yamma, manyan garuruwa irin su Bani Suwaif da Minya da Asyut duk a yamma suke, gonakin raken Isma'il da masana'antun sukarinsa ma a can suke. Don haka dogon kudu a gaɓar yamma aka shimfiɗa shi, alhali Alƙahira da tasharta suna gabas. Ya kai Minya a 1867, ya kai Asyut a 1874, amma bai taɓa Babul Hadid ba. Mai zuwa kudu sai ya haye kogi ya je Bulaƙ ad-Dakrur, a ɓangaren Giza, ya hau jirginsa a can. Fiye da shekara ashirin ƙasar tana da dogo biyu da ba su san juna ba, ruwa ya raba su.

Gadar Imbaba ce ta haɗa su a 1891. Daga nan aiki ya yi sauri: Naj Hammadi a 1896, inda dogon ke sake hayewa gabas, sannan Luksor da Asuwan a 1898. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu da farko siririn dogo aka yi, dole fasinja ya sauya jirgi a Luksor, sai a 1926 aka mayar da shi daidai da faɗin sauran, milimita 1,435. Gadar Imbaba da ake bi yau ta biyu ce, wani kamfanin Beljiyam ya kammala ta a 1924.

To, layin da ya taso daga gadar ta yamma yake isowa, babbar rumfar tasha kuwa ta wannan fuska a toshe take da gini. Ba shi da hanyar shiga, sai ya bi ta gefenta ya wuce ya haɗu da layin arewa. Dandamalan da ke kan wannan layi, na 8 zuwa na 11, su ne na jiragen kudu, kuma su ba maƙura ba ne: jirgin da ya taso daga Iskandariya zai iya tsayawa a nan ya ɗauki mutane ya zarce Asuwan ba tare da ya juya ba. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne jirgin kudu in ya tashi ba kudu yake fara nufa ba. Arewa maso yamma yake yi, ya haye Nilu a Imbaba, sannan ya karkato ya bi ta Giza ya miƙe.

Ginin da ke tsaye yau ba shi ne na 1856 ba. A watan Satumban 1882, bayan sojojin Ingila sun karya rundunar Ahmad Urabi a Tal al-Kabir sun shiga Alƙahira, albarushi da harsasan da suka tara a tashar suka fashe, wuta ta ci ginin. Wanda ya maye gurbinsa an gina shi a 1892, kusan tare da gadar Imbaba. An yi masa fuska irin ta gine-ginen Musulunci: ƙofofi da tagogi masu baka, ado irin na zamanin Mamluk, fale-falen tangaran masu shuɗi, da hasumiyar agogo. Bayan wannan fuska kuwa rumfa ce ta ƙarfe da gilashi irin wadda ake gani a tashoshin Turai na wancan ƙarni. Wasu na ganin wannan riga ce kawai ƴan mulkin mallaka suka sa wa kayansu don a karɓa. Akwai gaskiya a ciki, amma rigar ta dace da jikin birnin, kuma bayan shekara ɗari da talatin ba wani ɗan Alƙahira da ke kallon ginin a matsayin baƙo.

Ga mai koyon Hausa, a kula da kalmomi biyu masu kama da juna: dandali shi ne filin da jama'a ke taruwa, dandamali kuwa shi ne tudun da aka gina a gefen dogo inda fasinja ke tsayawa. Mai shiga tashar daga dandalin Ramsis yake fitowa, ya wuce binciken ƴan sanda a ƙofa, ya faɗa babban zaure inda allon lokutan jirage yake. Gabansa dandamalan maƙura ne, inda jiragen Iskandariya da manyan garuruwan Delta ke tsayawa. In kudu za shi, sai ya fita gefe zuwa na 8, ko ya sauka hanyar ƙarƙashin ƙasa zuwa na 9 da 10 da 11. Bayan na 11 akwai wata ƙofa da ke fita dandalin Ahmad Hilmi ta ɓangaren Shubra, matattarar motocin haya, kuma shekaru da dama a wannan gefen ne ake yankar tikitin kudu. A gabashin tashar akwai wata ƙaramar tasha da ake kira Kubri al-Laimun, wadda a da take kula da jiragen unguwannin bayan gari irin su Matariyya da al-Marj. A ƙarshen ginin kuma akwai gidan tarihin dogo, wanda aka buɗe a 1933 zamanin Sarki Fu'ad, lokacin da Alƙahira ta karɓi taron ƙasa da ƙasa na hukumomin jiragen ƙasa. Abin da ya fi jan ido a cikinsa shi ne kan jirgin Sa'id Pasha na 1862, mai tururi, wanda aka yi wa ado kamar karagar mulki.

Dandalin da ke gaban tashar shi ne abin da baƙo ke fara gani na babban birni, don haka kowace gwamnati ta so ta ajiye alamarta a wurin. A 1928 aka kafa mutum-mutumin Nahdat Misr, farkawar Masar, aikin Mahmud Mukhtar: mace baƙauya tana yaye lulluɓi, hannunta a kan Abul Haul da ke yunƙurin tashi. A 1955, bayan juyin mulkin sojoji na 1952, aka ɗauke shi zuwa kusa da Jami'ar Alƙahira, aka kawo gunkin Fir'auna Ramsis na biyu daga Mit Rahina, tsohon birnin Manf. Tsayinsa mita 11 ne, nauyinsa tan 83, na jan dutse. Shekara 51 ya yi yana shan hayaƙin motoci da girgizar jirage, har masana suka ji tsoron lalacewarsa. A watan Agustan 2006 aka ɗauke shi a tsaye cikin dare zuwa Giza, yanzu yana zauren shiga na Babban Gidan Tarihin Masar. Gunkin ya tafi, dandalin da tashar suka riƙe sunansa.

Amma mutanen da suka fi cika tashar ba su da gunki. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 jirgin kudu ke sauke Sa'idawa masu neman aiki, ƴan gini da masu gadi da ƴan dako, da yawansu kuma ba su wuce harabar tashar ba, nan suka sami abin yi. Yusuf Shahin ya ɗauki rayuwarsu a fim ɗinsa na 1958 mai suna Babul Hadid, wanda aka yi a cikin tashar. Shi da kansa ya fito a matsayin Ƙinawi, gurgu mai sayar da jarida, wanda sunansa ma nasaba ce zuwa Ƙina ta kudu. Hind Rustum ta fito a mai tallar lemo da ke gudun ƴan sanda tsakanin taragu, Farid Shauƙi kuma ɗan dako mai fafutukar kafa ƙungiyar ma'aikata. Masu kallo na lokacin ba su so shi ba, yau kuwa ana lissafa shi cikin manyan finafinan Larabawa. Ga mai sha'awar tarihin tashar yana da wani amfani na daban, domin ya adana kamanninta na zamanin tururi.

Birnin da aka gina wa tashar bai kai mutum miliyan ɗaya ba. Alƙahira da kewayenta yau sun haura miliyan ashirin. Abin da ke bayan ganuwa a 1856 ya zama tsakiyar gari. An ɗora gadar sama ta 6 ga Oktoba a kan dandalin, an haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a ƙasansa, layi na farko a 1987, na biyu a shekarun 1990. Tashar da suka haɗu a nan sunan Mubarak take ɗauke da shi har 2011, sannan aka mayar da ita ash-Shuhada, wato shahidai. A daidai wannan lokaci aka yi wa cikin ginin kwaskwarima, aka sa marmara da ginshiƙai masu ruwan zinariya da siffar furen bado, da matakala mai tafiya da kanta, da wuraren cin abinci a bene. Masu kishin tsofaffin gine-gine sun yi ta suka, suna cewa an mayar da tasha kamar zauren biki. A ganina babban aibin gyaran shi ne inda aka kashe kuɗin: an ƙawata zaure, alhali matsalar tana kan dogo da sigina da tarbiyyar aiki.

Hatsari biyu sun nuna haka. A watan Fabrairun 2002, ana jajibirin Babbar Salla, wani jirgin talakawa da ya tashi daga nan zuwa kudu, cike maƙil da masu komawa gida, ya kama wuta kusa da al-Ayyat, direba bai sani ba ya ci gaba da gudu. Sama da mutum 350 suka mutu. Na biyun a cikin tashar ya faru. Ranar 27 ga Fabrairun 2019 da safe, wani direba ya sauka daga kan jirginsa don ya yi cacar baki da abokin aikinsa, bai kashe inji ba, bai ɗaure birki ba. Kan jirgin ya taho da gudu babu kowa a ciki, ya daki tokaren da ke ƙarshen dandamali na 6, tankin mansa ya fashe, wuta ta kama mutanen da ke tsaye a wurin. Sama da mutum 20 suka rasu. Ministan sufuri Hisham Arafat ya ajiye aiki a ranar, kotu kuma ta yanke wa direban shekara 15. Sakacin mutum ne sanadi, amma tsarin maƙura ne ya sa abin ya yi muni haka, domin a irin wannan tasha duk abin da ya kuɓuce a kan dogo cikin jama'a yake ƙarewa.

Maganin da hukuma ta kawo wa cunkoson shi ne sabuwar tasha a Bashtil, ta ɓangaren Giza, wadda aka buɗe a watan Oktoban 2024 da sunan tashar Sa'id. Babba ce, mai dalar gilashi a kanta, kuma tana yammacin kogi, bayan gadar Imbaba. Wato jiragen kudu da dama sun koma tashi daga gaɓar da kakanninsu ke tashi kafin 1891. Ta fuskar aiki hikimar a fili take: jirgin da ya tsaya a Bashtil bai buƙatar gadar, bai kuma shiga ƙuncin Ramsis. Ta fuskar fasinja kuwa, Basa'iden da a da yake sauka a tsakiyar birni, jirgin ƙarƙashin ƙasa na jiransa a bakin ƙofa, yanzu in jirginsa na Bashtil ne sai ya nemi wata mota ya ƙarasa.

Duk da haka dandamalan gefe ba su mutu ba. Layin kudu bai tsaya a garin Asuwan ba, yana ƙarasawa tashar Babban Dam, inda hanyar Wadi Halfa da Sudan take farawa, kamar yadda a da matafiya kan sauka a Shallal su shiga jirgin ruwa. A 2025, lokacin da dubban ƴan Sudan da yaƙi ya koro suka fara komawa gida bayan sojoji sun karɓe Khartum, jiragen kyauta da aka tanadar musu daga tashar Ramsis suka riƙa tashi, su haye gadar Imbaba, su bi layin kudu zuwa Asuwan, daga can motoci su ɗauke su zuwa kan iyaka.